Ranar da Jirgi Ya Rabu Biyu a Zwolle

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, wanda na daɗe ina kewaye shi. Ku 'ya'yana kun ji labarin nan a bakin kowa ban da bakina. Kun ji shi wurin gwaggwanninku a gidajen suna, kun ji shi a zaurukan garin Malam Madori. Wasu sun ce na manta yayanku a cikin jirgin ƙasa a ƙasar Turawa kamar yadda ake manta ƙullin goro. Wasu sun ce na tsaya a tasha na daka wa surukina tsawa gari duka yana ji. Ni da abin ya faru da ni, har yau akwai wuraren da ban gane ba. Amma abin da na gane zan rubuta muku shi yadda ya zo.

Sai kun san irin yarinyar da nake a lokacin kafin ku yanke mini hukunci. Ina budurwa babu littafin soyayyar da ya shigo kasuwar Hadejia daga Kano da ban karɓo hayarsa ba. Nakan ɓoye shi a cikin tukunyar da ba a girki da ita, in Inna ta aike ni ɗebo ruwa in saci karatu a bakin rijiya. A cikin waɗannan littattafai duk saurayin kirki ƙarshensa ya ɗauki amaryarsa zuwa ƙasar waje, su zauna a jirgi kafaɗa da kafaɗa, ta jingina kanta a jikinsa, furanni suna wucewa ta taga. Da aka ɗaura aurena da babanku, ma'aikacin ruwa mai yawo da takalmin roba a fadama yana auna inda kogi ke cin gaɓa, na ɗauka nawa littafin ba zai wuce Kafin Hausa ba. Sai ga shi an zaɓe shi ya je Holan ya koyo yadda mutanen can ke tsare garuruwansu daga ruwa. Ya tafi ina da ciki. Na haihu, na gama wanka, yaro ya fara zama da kansa, sannan ya aiko a kai mu.

Abin da ya fara rikita ni a ƙasar nan hanya ce. Mu a nan hanya ɗaya muka sani. Mota ta bi, jaki ya bi, mai keke ya bi, mai tallan nono ta bi, in damina ta yi ƙarfi kogi ma ya zo ya bi, a koma kwalekwale har ruwa ya janye. Can kuwa a ƙofar gidan da muke haya a garin Delft hanyoyi ne a jere kamar saƙar tabarma, kowace da mai ita. Ta masu ƙafa daban, ta kekuna ja ce, ta motoci daban, ga ta wani ƙaramin jirgin ƙasa da ke ratsa tsakiyar gari yana kaɗa ƙararrawa, sannan ga ta ruwa, wadda ita ma hanya ce da jirage ke bi da kaya. Kullum sai na tsinci kaina a tsaye kan ta kekuna ina kallon rufin gidaje, tsofaffin mata su wuce ni a guje suna faɗa da yarensu. Na ga gada ta ɗaga kanta sama ta tsaya, motoci suna jira, wani jirgin ruwa mai doguwar sanda ya wuce, ta sauko ta kwanta kamar ba ita ba. Wata rana kuma muna cikin bas hanya ta nutse da mu ƙasa, na ɗaga kai na ga jirgin ruwa yana tafiya a samanmu. Na damƙe hannun rigar babanku.

"Malam, kogi ne a kanmu?"

"Kogi ne, Bintu. Gada suka yi masa."

"Ruwan ake yi wa gada?"

"Kin ga tudun can mai ciyawa da motoci ke bi ta kansa? Bango ne. Ruwan da ke bayansa ya fi ɗakin kwananmu tudu."

"To mu koma gida mana."

Dariya ya yi har wata Baturiya ta juyo. Shi abin burge shi yake yi, ba shi da zance sai na ranar da za a yi wa Hadejia irin wannan aiki, a daina kwashe buhunan shinkafa a ka ana gudun ambaliya. Ni kuwa na kasa gane ƙasar da ruwa ke sama mutane suna ƙasa, kuma babu abin hawan da ke jiran mutum. A tasharmu mota ba ta tashi sai ta cika, in ta cika ma aka ce wata tana sallama da mutanen gida, direba zai kashe inji a jira ta. Can jirgi zai zo kusan babu kowa a ciki, ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya yi gaba abinsa kana gudu kana ɗaga masa hannu.

Lokacin zafinsu ne Baffa ya zo mana. Ku ƙananan ba ku riske shi ba. Yayan mahaifin babanku ne, shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa, shi ya kai shi makaranta, shi ya nema masa aurena, saboda haka a wurina suruki ne cikakke. Sunansa aka sa wa yayanku. Falken shanu ne a Malam Madori, ya biyo abokansa zuwa Beljiyam sayen tsofaffin motocin ɗaukar kaya, ya ce ba zai koma ba sai ya ga takwaransa, sai kuma ya ga shanun nan masu baƙi da fari da ake cewa nononsu ba ya ƙarewa.

Ku yaran yanzu kuna zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon talabijin, har da musu. Ni ban taɓa haɗa ido da Baffa ba. Daga bakin ƙofa nake gaishe shi a durƙushe, in zai ba ni saƙo sai ya faɗa wa babanku ina nan ina ji. Sunansa bai taɓa hawa harshena ba, haka sunan babanku, haka na yayanku, wanda ga shi ɗan fari ga shi mai sunan suruki. Yaron nan nake ce masa. A gaban manya ba na ɗaukarsa, ba na yi masa wasa, ko kuka yake sai in kau da kai har wani ya ce in karɓe shi. Haka Inna ta yi da yayata, haka aka koya mini 'yar mutunci take yi. A Hadejia wannan ba wuya, gida cike yake da hannaye. A ɗakuna biyu na haya a Delft kuwa, duk kwanakin da Baffa ya yi a kicin na ƙare su.

Shanun da yake son gani suna can arewacin ƙasar, kusa da wani gari Leeuwarden, sunan da a lokacin ko maimaita shi ban iya ba. Babanku ya ce da ni za a je, in ga ƙasa. Da safe muka fita, muka sauya jirgi a wata babbar tasha, kuma a nan Baffa ya tsaya yana gyara babbar rigarsa a tsanake, babanku yana ta duba agogo.

"Baffa, mu ɗan ɗaga ƙafa."

"Kai ɗan nan, ni za ka koya wa jirgi? Tun ba a haife ka ba nake loda shanu a tashar Malam Madori. Jirgin Nguru in ya tsaya har tuwo muna ci a gindinsa."

"Wannan ba ya tsayawa a ci tuwo, Baffa."

"To ina direban? A je a gaishe shi, a ce masa da dattijo a tafiyar."

"Ba a ganinsa. Mu dai matsa can, taragun gaba za mu shiga."

Na ji wannan magana ta taragun gaba, ba zan musa ba. Amma na ɗauke ta kamar yadda ake cewa a ba wa babba gaban mota, don girmamawa da jin daɗin zama. Muka shiga. Kujerun biyu ne suna fuskantar biyu, gwiwa tana kusan taɓa gwiwa. Baffa ya zauna ya cika nasa ɓangaren da riga, babanku ya zauna a gabansa ta wajen taga, wurin da ya rage mini yana kallon fuskar Baffa sak. Na tsaya da goyo a bayana ban san inda zan sa idona ba. Baffa ya miƙa hannu wajen babanku.

"Kawo mini takwara."

Na kwance shi na ba babanku, ya miƙa masa. Na ajiye jakata a kujerar, da tsummokin yaro da komai a ciki, na raɗa wa babanku cewa zan zauna can baya. Ya gyaɗa kai bai ko dube ni ba, ya riga ya fara nuna wa Baffa wata gada. Shi a zatonsa bayan ƙofar taragonmu zan tsaya. Ni ma haka na nufa. Amma ƙofar ta gilashi ce, ina hango rawanin Baffa, wato shi ma in ya waiwaya zai hango ni a zaune ina miƙe ƙafa. Na ƙara nausawa baya. Taragon da ke bin namu na masu shan sigari ne. Na bayansa wani saurayi da budurwa sun naɗe juna a kujera babu mai ce musu kanzil, ga wani ƙaton kare a kwance a hanya. Na ratsa wani siririn lungu mai duhu kamar zaure, yana girgiza a ƙarƙashin ƙafata, na fito a wani tarago shiru, da kujera a bakin taga babu kowa a kai.

A nan ne littafina ya buɗe. Ƙasa a shimfiɗe kamar fadamarmu bayan ruwa ya janye, kore shar, an tsaga ta da ƙananan magudanai a miƙe, ga tsinin coci-coci daga nesa, ga wata yarinya a kan keke gashinta yana tashi tana tsere da mu. Na gyara mayafina na jingina da taga yadda na karanta ana yi. Na shiga tsara yadda babanku zai taso ya biyo ni tarago bayan tarago, ya same ni, ya zauna, ya ce zuciyarsa ce ta nuna masa inda nake. Bai taɓa yin irin wannan magana ba a rayuwarsa, Allah Ya jiƙansa, amma ni ban taɓa fasa jira ba. Ina cikin haka jirgi ya tsaya a wata tasha, wadda daga baya na san Zwolle ake ce mata. Ya ɗan jima a tsaye. Wata murya ta yi dogon bayani da yarensu, wasu suka zabura suka ɗauki jakunkuna suka fita suna sauri zuwa gaba. Wata tsohuwa da ke zaune tsallaken hanya ta dube ni ta faɗi wata kalma da alamar tambaya. Na yi mata murmushi na gyaɗa kai, kamar yadda nake yi wa duk abin da aka ce mini a ƙasar. Na ji jirgin ya ɗan motsa kamar an zungure shi, sannan muka tashi.

Nono ne ya dawo da ni duniya. Na ji ƙirjina ya cika ya yi tauri, na san yaro yana can yana neman abinci. Na ce bari in je in tsaya inda babanku zai hango ni ya kawo mini shi. Na miƙe na nufi lungun nan mai duhu, sai na tarar da ƙofa a rufe gam, ba ta turuwa ba ta jawuwa. Na ce lallai juyewa na yi, baya na nufa maimakon gaba. Na koma na ratsa taragun har ɗaya ƙarshen, nan ma ƙofa a rufe. Na dawo. Na sake komawa. Babu masu sigari, babu kare, babu saurayi da budurwarsa, babu rawanin Baffa. Na fara duba fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, har ƙarƙashin kujeru na leƙa, ban san me nake zaton zan gani a can ba. Na yi tunanin ko barci na yi aka sauke su. Na yi tunanin ko ni ce na sauka na shiga wani jirgin ban sani ba. Har tunanin aljanu na yi, don a gida an ce sukan ɗauke mai jego.

A haka kwandasta ya same ni, wani dogo mai jan gemu. Da ɗan Turancina na makarantar horon malamai muka yi magana.

"Ina tikitinki?"

"Yana wurin mijina."

"Ina mijin naki?"

"Yana gaba."

"Nan ne gaba. Bayan ƙofar nan direba ne kawai. Ina za ku je?"

"Wurin shanu," na ce, don sunan garin ya gudu daga kaina.

Ya dube ni, ya haɗa dunƙulen hannayensa biyu, sannan ya raba su, ɗaya dama ɗaya hagu. Ya ce jirgi ɗaya ne ya zama biyu. Na ɗora hannu a ka na yi salati, na zaci karyewa ya yi, rabinsa ya faɗa ruwan nan da ke ko'ina. Ya yi ta girgiza kai yana cewa ba hatsari ba ne, haka ake yi kullum a tashar da muka baro, na gaba su nufi wani gari, na baya su nufi wani, kuma an yi sanarwa. Har yanzu da nake rubuta muku wannan, an yi mini bayani ya fi a ƙirga, babanku har zane ya yi mini, amma zuciyata ba ta karɓi cewa mutum mai hankali zai yanka jirgi biyu da mutane a cikinsa ba.

A Groningen muka tsaya, ƙarshen layin namu rabin. Kwandastan ya kai ni wani ofis a cikin tashar ya damƙa ni a hannun wata ma'aikaciya mai furfura, sa'ar Inna. Ta dubi gaban rigata da ya jiƙe sharkaf, ta miƙo mini tawul. Na ce mata jaririna yana cikin ɗaya rabin. Ta jawo wayar tarho.

"Mene ne sunan mijinki?"

"Malam."

"Malam wa?"

"Injiniya ne."

"Na ji aikinsa. Sunansa nake so, za a kira shi a lasifika."

Na duba ɗakin. Babu Bahaushe ko ɗaya, daga ni sai ita sai taswirar layukan dogo a bango kamar jijiyoyin ganye. Na sunkuyar da kai na faɗi sunan babanku, karo na farko tun da aka kai ni ɗakinsa, a hankali har sai da ta sa na maimaita. Ta yi ta buga waya tana magana da yarensu, tana saurare, tana kallona. Da ta ajiye sai ta zauna kusa da ni ta yi mini bayani dalla-dalla. An gan su a Leeuwarden. Mijina da ya neme ni ya rasa ya bar tsohon da jaririn a tasha, ya hau jirgi ya koma Zwolle nemana, za a kira shi a can a juyo da shi. Amma tsohon yana zaune a bakin layi, jaririn yana ta tsala kuka tun ɗazu, ma'aikata sun yi ƙoƙarin shigar da su ofis su ba yaron madara, ya ƙi. Ba ya jin yaren kowa, duk wanda ya matso sai ya ɗaga masa lema. Mutane sun taru. Shugaban tashar ya ce in abin ya ci gaba zai kira 'yan sanda su karɓi yaron har a gano iyayensa.

Ta sake buga waya, ta miƙo mini kan tarhon.

"Ya ƙi zuwa wurin waya. Za su kanga ta a bakin lasifikar tasha. Yi wa babanki magana da yarenku."

"Ba babana ba ne. Surukina ne."

"To, yi wa surukinki magana."

Ita ba ta ga bambanci ba. Ni kuwa na riƙe abin nan a hannu kamar garwashi. Matar da ba ta taɓa ɗaga murya a gaban Baffa ba, ita ce za ta yi masa magana ta lasifika, a gaban jama'a, har ta gaya masa abin da zai yi. Na tuna Inna, na tuna ranar da aka kai ni tana ce mini duk abin da zan rasa a gidan miji kada in rasa kunya. Na kai tarhon kunnena don in ce wa mutanen can su jira mijina. Sai na ji shi. Can nesa, bayan ƙarar ƙarafa da surutun mutane, kukan yayanku, muryarsa ta dushe, irin kukan da yaro ke yi in ya gaji da kukan ma. Ban san sanda na durƙusa a kan simintin ofishin ba.

"Salamu alaikum. Baffa, ina wuni. Ni ce. An wuni lafiya? Ya gajiyar hanya?"

Ina jin muryata tana dawo mini ta cikin wayar, ƙatuwa, tana bugun rufin tashar da ban taɓa gani ba. Matar ta yi mini alama da hannu in yi sauri.

"Baffa, don Allah ka yi haƙuri ka bi mutanen nan. Ba cutar da ku za su yi ba. Ka ajiye lemar. Ka bari su ba shi madara, ina nan tafe."

Kukan ya tsaya cak. Yaro ya ji muryar uwarsa daga sama. Sannan ya ɓarke da wani sabo wanda ya fi na da, yana nemana. A nan ne abin ya ƙwace mini.

"Haruna! Haruna, yi shiru ɗana, ga ni nan. Ga ni nan zuwa, ɗana."

To kun ji tsawar da aka ce na daka wa surukina. Da ɗana nake. Amma sunan na Baffa ne, kuma a kunnensa na faɗe shi, da ƙarfin da ko ladan bai kai ba. Abin da ya biyo baya kun san wani sashe nasa. Baffa bai taɓa ba kowa labarin ba. Babanku ne ya ba da shi da muka dawo gida, yana dariya, a tsakar gida, bai lura Hajiya mahaifiyarsa ba ta dariya ba. Ta ce Turai ta cinye mini kunya. Da lokacin yaye ya zo ta aiko a kai mata yaron ta riƙe, kamar yadda ake yi da ɗan fari, na ce a ba ta haƙuri. Tun ranar tashar nan ban iya barinsa ya shiga wata mota ni ina wata ba. Hajiya ta yi shekaru ba ta taka ɗakina ba, ko ranar sunanki, Safiya, daga zaure ta juya. Wani lokaci in ce na kyauta, wani lokaci in ce da na jira babanku ya iso da ba a kai ga haka ba. Ban yanke ba har yau.

Ashe akwai wani ƙaramin jirgi da ke haɗa garuruwan biyu kai tsaye, ba sai an koma baya ba. Matar nan da kanta ta raka ni ta sa ni a ciki, ta yi wa kwandastansa bayani. Na ƙi zama. Na tsaya a bayan ƙofar direba na riƙe ƙarfe da hannu biyu, duk ƙauyen da muka tsaya sai na tambayi kwandastan ko wannan ma yana rabuwa, har ya daina amsawa sai dai ya girgiza kai tun kafin in buɗe baki.

Na riga babanku isa. Tun jirgi bai gama tsayawa ba na hango Baffa a kan benci a ƙofar ofis. Ya kwance rawaninsa ya goya yaron da shi a baya, dattijon da ko nasa 'ya'yan bai taɓa goyawa ba, yana jijjiga shi. Ga kwalbar madara a gefe ba a taɓa ba, yaron ya ƙi ta. Na je na durƙusa. Babu wanda zai shiga tsakaninmu ya kai magana ya kawo. Na sunkuyar da kai. Ya kwance goyon a hankali, ya kwantar da yaron a kan benci, ya janye hannunsa. Na fizge shi, na zauna a ƙasa dirshan a wurin, na ja mayafi na ba shi nono, ina kuka yana shessheƙa, jama'a suna wucewa. Sai na ga inuwa ta rufe ni. Baffa ne ya miƙe ya juya mini baya, ya buɗe hannayensa biyu, babbar rigarsa ta zama labule tsakanina da mutanen tasha. Haka ya tsaya, yana kallon layin dogo, yana magana shi kaɗai a kan irin duwatsun da suka zuba a ƙarƙashinsa, har yaron ya ƙoshi ya yi barci.

Babanku ya iso a guje, gumi ya jiƙa masa riga.

"Bintu! Ban ce taragun gaba ba? Ban faɗa a gabanki ba?"

"Kai, rufe mana baki," in ji Baffa. "Kai da ka san jirgin mutanen nan yana da wannan hali, ka zauna kana nuna mini gada."

Ba a je ganin shanu ba. Baffa ya ce ya fasa, a mayar da shi inda ya kwana. Da jirgin komawa ya zo muka shiga, sai ga kujerun nan dai, biyu suna fuskantar biyu. Suka zauna. Na tsaya da yaron a kafaɗa, ina kallon ƙofar gilashi, ƙafata ɗaya ta riga ta juya. Baffa ya sunkuyo ya kama ɗan yatsan ƙafar yayanku yana girgizawa.

"Takwara, gaya wa uwarka ta zauna nan inda idona zai gan ta. In kunya ce ta ajiye ta, in mun sauka Kano ta ɗauki abarta."

Na zauna. Har muka isa idona na kan takalman Baffa, nasa na kan rufin jirgi, yayanku yana barci a tsakaninmu, kansa a cinyata, ƙafafunsa a kan gwiwar Baffa.